Ruwa a Ƙirjin Baffa

Abin sauraren ƙirji. Na'urar awon jini. Ledojin ƙarin ruwa, safar hannu, auduga, kwalin allurai. Burodi da sukari da ganyen shayi na Inna. Abin da ke kujerar baya ke nan lokacin da suka wuce Ashige suka sauka daga kwalta.

Bahauddeen ne ke tuƙi. An yi ruwa da asuba, hanya ta jiƙe, motar sai karkacewa take cikin sawun da motocin doya suka bari. Matarsa Bilkis, likita ce a wani asibiti cikin Lafia, tun daga gida take tambayarsa yana ba ta amsa guntu-guntu. Mahaifinsa Bubayero ya kwana biyu yana tari. Ba ya cin abinci. Ba ya iya kwanciya, a zaune yake kwana. Ta tambaye shi ko ƙafafun tsohon sun kumbura, ya ce bai sani ba, bai tambaya ba, kuma Inna, mahaifiyarsa, ba za ta faɗi irin wannan a waya ba.

Ledojin ruwan shi ya sa ta ɗauko. Inna ta ce Imrana, wani mai kemis daga Assakio, ya zo jiya ya ɗaura wa tsohon leda ɗaya don ya samu ƙarfi, ya kuma ce a nemo ƙari. Bilkis ta tambaya ko ya ji sauƙi bayan an sa masa. Bahauddeen ya ce abin da Inna ta ce kawai shi ne su zo.

Mutumin da ba ya iya kwanciya, aka ƙara masa ruwa, washegari aka kira a zo. Bilkis ta san abin da take tsoro, sai dai ba a yanke irin wannan hukunci daga cikin mota.

Tun da aka yi aurensu ba ta taɓa kallon fuskar surukinta sosai ba. In sun zo ruga takan cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa a bayan zana ta yi gaisuwa, shi kuma ya amsa ta bakin Inna. Ba ta taɓa kama sunansa ba. Ko a asibiti, in aka kawo majinyaci mai suna Buba, mai sunan Baffa take ce masa, nas-nas suna yi mata dariya. Ba haka ta tashi ba. Ita 'yar Barebarin Lafia ce, a gidansu ana hira da suruki har a yi musu. Koya ta yi, ta kuma iya, har matan ruga suna ba 'ya'yansu misali da ita: ga likita, 'yar birni, ta fi Fulani kunya. Tana jin daɗin wannan yabo fiye da yadda take nunawa.

Rugar ta daɗe da zama wuri ɗaya. Akwai bukkoki na ciyawa, akwai gonar masara a baya, sai ɗaki ɗaya na ƙasa mai rufin kwano, wanda yake na Baffa. An tafi da shanu kiwo, maruƙa ne kawai a ɗaure. Bilkis ta fito daga mota, kafin ta gama cire takalmi ta ji numfashin. Daga cikin ɗakin yake fitowa, gajere, da sauri, da wani ɗan kurnu a ƙarshensa.

Bahauddeen ma ya ji. Ya tsaya a gindin mangwaro bai ƙara taku ba. Shi ne ɗan fari. Uban bai taɓa kiran sunansa ba, ba sa zama ƙarƙashin rufi ɗaya, ko gaisawa za su yi sai kowa ya kalli wani gefe. Ba zai shiga ɗakin nan ba, kuma ba wanda ke jiran ya shiga.

Inna Hawwa ta fito ta tarbe su. Tsohuwa ce siririya, awarwaro cike da hannunta. Aka yi gaisuwa a gurguje. Cikin gaisuwar ne Bilkis ta ji cewa Imrana ya sake zuwa da safe, ya ɗaura wata ledar, ya koma shagonsa, ya ce zai dawo bayan la'asar.

"Yanzu tana jikinsa?"

Inna ta ce tana jikinsa, a hankali take ɗiga.

Bilkis ta ɗauko irin igiyar ƙarin ruwan daga cikin jaka ta nuna mata 'yar tayar da ke jiki. Ta ce ta shiga ta murza ta har ƙarshe, ruwan ya tsaya. Inna ba ta so ba, a ganinta ruwan ne ke riƙe da shi tun da ba ya cin komai. Amma ta shiga, ta fito, ta ce ta murza har ƙarshe.

Sai Bilkis ta ce tana so ta shiga ta duba shi.

Inna ta dube ta kamar ba ta gane Hausar ba. Ta koma ciki, aka yi ƙus-ƙus da Fillanci, ta dawo. Baffa ya ce an gode, Allah Ya yi albarka. In da magani a ba Inna ta kai masa. Bilkis ta ce ba ta san maganin da za ta bayar ba sai ta ji ƙirjinsa. Inna ta sake komawa. Haka aka yi ta kai da kawowa, numfashin na ci gaba a bayan asabari, har aka tsaya a kan wata dabara: Baffa zai matso bakin ƙofa daga ciki, Bilkis ta durƙusa daga waje, asabari na tsakaninsu. Za ta sa abin sauraren ƙirjin a kunnenta ta zura igiyarsa ta gefe, Inna ta riƙa ɗora masa faifan ƙarfen inda aka ce.

Ta durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Igiyar gajera ce, sai da ta manna kunci da asabarin. Ta ce a ɗora a hagu, ƙasan nono.

Abin da ya fara zuwa kunnenta ƙarar awarwaro ce, kamar an zubar da kwanuka. Ta ce Inna ta tura su sama. Sai ta ji ƙugin yatsu a kan ƙarfe, sai gogar yadi. Can ƙasa, nesa, akwai zuciya, amma ba ta iya kama ta. Ta ce a sa a ƙarƙashin riga. Inna ta ce an sa. Bilkis ta san akwai 'yar ciki a ƙarƙashin rigar, ta kuma ji wani abu mai tauri yana karo da faifan, laya ce ko guru. Ta ce a koma baya, ƙasan allon kafaɗa. Aka daɗe ana motsi. Da faifan ya zauna sai ta ji ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da ya ja iska.

Matsalar ke nan. Huhun da ruwa ya shiga haka yake yi. Yadin da ke gogar ƙarfe ma haka yake yi. A Masar, inda ta yi karatu, malamin da ya koya musu sauraren ƙirji ba ya ko tsayawa jin bayanin ɗalibin da ya saurara ta kan tufa. In limoniya ce, ciwon sanyin huhu, ta kama tsohon, jikinsa ya bushe don rashin ci da sha, to ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta za su taimake shi. In kuwa zuciya ce ta gaji ta kasa tura jini, duk ɗigon da aka sa masa a jijiya huhunsa zai tafi, ya nutse yana zaune a kan tabarmarsa. Maganin ɗaya shi ne ajalin ɗayan. Ita kuma an ba ta yadi ta saurara.

Ta ce a ɗan ɗaga faifan sama. Tana jira sai tari ya sarƙe shi. Ya daɗe bai sake shi ba. Da ya lafa numfashin ya fi na ɗazu sauri, a cikin 'yan mintocin da ta yi a durƙushe. Wannan bai yi daidai ba. Ta sunkuyar da kai ƙasa, ta ƙarƙashin asabarin ta ga ƙafafunsa. Sun yi suntum, fatar na sheƙi, idon sawu ya ɓace. Ta ɗan janye gefen asabarin da ɗan yatsa, ba ta kalli inda yake ba, ta kalli bango. Ledar na rataye a ƙusa. Ruwan ba ɗiga yake ba, zuba yake kamar an buɗe famfo, saura kaɗan ledar ta ƙare. Inna ta murza har ƙarshe, amma ta ɗaya gefen.

Bilkis ta miƙe.

"Bilkis," in ji Bahauddeen daga gindin mangwaro, a hankali. Matan sauran bukkokin sun fito sun tsaya nesa, da 'ya'ya a baya.

Hannunta na kan asabarin. Ta san abin da zai faru in ta afka ciki haka. Tsohon zai yunƙura ya miƙe, ya juya mata baya, ya ja mayafi ya rufe jikinsa, wataƙila ma ya nemi fita. Zuciyar da ke ƙirjin nan ba za ta ɗauki wannan yunƙurin ba. Matar ɗansa ba ta da hanyar shiga ɗakin nan. Amma ba matar ɗansa kaɗai ba ce. A gidansu cikin Lafia, duk Bafillatanar da ta kawo tallan nono sai kakarta ta tsayar da ita a zaure sun yi ta zagin juna suna dariya, wannan ta ce baiwata, waccan ta ce baiwata. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni, babba da yaro, ba a fushi, ba a kuma hana amsa. Bilkis ba ta taɓa yin sa da kowa a rugar nan ba.

Ta ɗaga murya yadda har matan nan za su ji.

"Wai Bafillacen da ke cikin ɗakin nan, ɓuya yake don ya ji uwargijiyarsa ta zo? Shekara da shekaru kuna sayar mana da nono rabi ruwa. To ga ruwan nan ya taru a ƙirjinka, na zo in karɓi abinmu."

Ba wanda ya motsa. Inna ta dafe baki. Bahauddeen ya sunkuyar da kai kamar shi aka zaga. A cikin ɗaki numfashin ya yanke, har Bilkis ta ɗauka shi ke nan. Sai ta ji wani sauti da ya fara kamar dariya ya ƙare da tari.

"Wace baiwa ce," in ji tsohon, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma, "take mini ihu a ƙofa?"

Wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi mata kai tsaye.

"Babarbariya ce. Ɗaga asabarin zan yi."

"Ku dama... ba a san ku da kunya ba. Shigo."

Ta shiga. Kafin komai ta murza tayar ta tsayar da ruwan, ta cire igiyar, ta bar bakin allurar a hannunsa. Sannan ta dube shi. Dogon mutum ne, fari, gemu duk furfura. Gumi ya jiƙa masa wuya, leɓɓansa sun yi toka-toka, jijiyar wuyansa ta cika tana harbawa har kusa da kunne. Ita da Inna suka ɗaga shi suka zaunar da shi a bakin gado, ƙafafu a ƙasa, aka tara masa matasai a baya. Duk tana yi tana magana. Ta ce ashe Fulani ma suna da nauyi, ita ta ɗauka iska ke ɗaukarsu. Ta ce wannan tarin layu ko na tsoron Barebari ne. Shi kuma in ya samu iska sai ya rama. Ya ce an sa baiwa a makaranta, ga shi ta dawo tana taɓa ubangijinta. Ya ce zanen fuskar kakanninta da wuƙar yankan kabewa aka yi shi.

Ta naɗe rigar da 'yar cikin zuwa kafaɗa, ta ba Inna ta riƙe. Ta tura layun gefe. Ta murza faifan a tafin hannunta ya ɗan yi ɗumi, ta ɗora a kan fata.

Sauraro kuwa sai da shiru. Da ta yi shiru sai wasan ya fita daga ɗakin, aka bar tsoho tsirara daga ƙugu zuwa wuya da matar ɗansa durƙushe a gabansa. Ta ji jikinsa ya ƙame. Ya juyar da fuska bango. Inna na kallon rufi. Bilkis ta rufe ido, don ta ji da kyau, don kuma ta rage masa.

Zuciyar na gudu ba tsari, ta buga uku a jere, ta tsaya, ta yi tuntuɓe, ta sake kwasa. Bayan bugu biyun da aka sani akwai na uku, mai taushi, kamar abu ya faɗa cikin laka. Da ta matsa wajen hammata sai ta ji huci tare da kowane bugu, irin na zugazugin maƙeri, alamar wata ƙofa a cikin zuciyar ba ta rufuwa. Ta zagaya bayansa. Ta fara daga ƙasa, dama sannan hagu, tana hawa kaɗan-kaɗan. Yanzu babu yadi, kuma ƙarar na nan, ƙanana, jiƙaƙƙu, kamar an watsa gishiri a wuta. Dama da hagu duka. Ta bi ta har tsakiyar allon kafaɗa kafin ta samu wurin da iska ke shiga salin-alin. Wurin bai fi tafin hannu ba a kowane gefe. Da shi yake rayuwa.

Ta saki rigar. Ta ce an gama, Bafillace ya tsira da mutuncinsa, ba abin kallo a jikin ma. Ta auna jininsa, ta fasa kwalaben allurar da ke fitar da ruwa ta fitsari, ta tura masa a jijiya a hankali. Ta gaya wa Inna cikin kunne abin da zai biyo baya, da cewa a kawo bokiti kusa, kada a bar shi ya tashi. Sannan ta fita, ta sauke asabarin da kanta.

A gindin mangwaro ta gaya wa Bahauddeen. Zuciya ce. Huhun ya cika. Allurar za ta rage, amma ba za ta gyara abin da ya kawo ruwan ba. Yana bukatar iskar oksijin, da awon zuciya, da mai duba shi dare da rana. Dole a tafi da shi Lafia yanzu, kafin hadarin da ke haɗuwa a gabas ya sauko ya rufe hanya. Bahauddeen ya ce to. Ya je ya kwantar da kujerar gaba, ya kwashe kayan baya, ya juya motar ta fuskanci hanya. Da ya gama ya dawo ya tsaya. Bai yi mata maganar abin da ta faɗa a ƙofa ba. Matan nan ma ba su matso sun gaishe ta ba kamar yadda suka saba.

Aka jima. Inna ta fita da bokiti ta bayan ɗaki, ta dawo, ta sake fita. Azahar ta yi. Numfashin da ake ji daga waje ya ragu, har sai an kasa kunne.

Da Bilkis ta koma ciki ta tarar da shi ya gyara riga, ya sa hula, ya yi taimama ya yi salla a zaune. Leɓɓan sun fara dawowa. Har ya ce a dama masa fura. Ta sake saurarawa. Ruwan ya sauka da kamar faɗin yatsu huɗu. Ta gaya masa mota na jira.

Ya ce mota kuma ta me, ga shi ya warke.

Ta yi masa bayani a taƙaice, cikin wasa da farko, sannan ba wasa. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce Allah Ya saka, amma shi ya ji jikinsa, nauyin ya sauka. Inna ta sa baki da Fillanci, ya ba ta amsa da kalma ɗaya. Bilkis ta sha ganin haka a asibiti: allura ta yi aiki, majinyaci ya ce a sallame shi. Tana da dabarar da takan yi wa masu taurin kai, kuma ba ta cika ba ta kunya ba. Ta cire abin daga wuyanta, ta goge, ta sa masa a kunnuwa. Ta ɗora faifan a ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ta ce ya ja numfashi ya ji da kansa.

Ya ja. Ya sake ja. Ya kama hannunta, da kansa ya matsar da faifan gaba kaɗan, sannan baya, kamar wanda ya san abin da yake nema. Ya daɗe. Da ya cire abin daga kunne fuskarsa ta canza, ta ɗauka ta ci nasara.

Ya ce ya san wannan ƙarar. Tun yana saurayi in saniya ta fara tari yakan manna kunne a haƙarƙarinta da sassafe, kafin garke ya tashi. A shekarar da ciwon huhu ya shiga shanunsu a ƙasar Binuwai haka ya riƙa bi ɗaya bayan ɗaya yana ware su. Bai yi zaton zai ji ta a jikinsa ba.

"To ka gani," in ji Bilkis. "Mu tafi."

"Wadda ta yi wannan ƙarar ba a kora ta hanya," in ji shi. "A hanya take faɗuwa. Barinta ake a inuwa, a kai mata ruwa da ciyawa, a zauna kusa da ita."

Ta ce wannan ba ciwon shanu ba ne. Nasu huhun ne ke ruɓewa, nasa kuwa lafiyayye ne, ruwa ne kawai ya kwanta a ciki, kuma ruwa ana fitar da shi. Ta sa ɗan yatsa a bayansa ta kan riga, ta ce ɗazu nan yake. Ta sauko da yatsan, ta ce yanzu nan yake. Ya ce ya yarda, ya ji a jikinsa. To abin da ta yi ya sauka, ta sake yi a nan. Ta ce alluran da suka rage ba su da yawa, kuma zuciyar da ke tuntuɓen nan tana iya tsayawa ba sallama, a nan kuwa ba ta da abin tayar da ita.

Ya kalli ƙofa. An fara iska, asabarin na kaɗawa.

"Za ki rantse zan kai Lafia da rai?"

Ta tuna hanyar da suka biyo, da ramukan, da inda motar ta kusa kafewa. Ta kalli jijiyar wuyansa.

"Ba zan rantse ba."

"Madalla. Ashe akwai mai gaskiya a Barebari."

"Amma in ka zauna, ina jin tsoron abin da ya fi haka."

Ya ce ya ji. Ya ce shi ba zai cika a kujerar mota ba, cikin taɓo, baki buɗe, wancan na kallonsa ta madubi. In kwana ya ƙare, ga gadonsa, ga alƙibla, ga kukan shanunsa in sun dawo da yamma. In da saura, ruwan zai sauka a nan kamar yadda zai sauka a can. Bai ɗaga murya ba. Hankalinsa sarai yake, ta duba ta tabbatar tun kafin ta fara gardamar. Ta sake gwadawa ta wata hanya, ta ce Bafillace da yawo aka san shi, yau kuma tafiyar awa guda ta gagare shi. Bai rama ba. Ya ce wa Inna ta miƙo masa carbi.

Bilkis ta naɗe igiyar a hannu ta fita. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Bahauddeen ya buɗe ƙofar mota da ya gan ta, ta girgiza masa kai. Ta gaya masa yadda aka yi. Ya tambaya ko a ɗauke shi da ƙarfi, ga samari za su dawo daga kiwo. Ta ce kokawar kaɗai ta isa ta kashe shi kafin a kai mota, kuma mutum ne mai hankalinsa, ya ji, ya fahimta, ya ƙi. Ta ce ko shi zai shiga ya roƙe shi. Bahauddeen ya kalli ɗakin. Ya yi taku biyu, ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Ya dawo ya ce in ya shiga, tsohon zai ɗauka an zo sallama ne.

Ba ta matsa masa ba. Ta kira wata abokiyar aikinta a waya, ta faɗi abin da take so a haɗa: tukunyar oksijin cikakkiya da abin sawa a hanci, ƙarin allurai, ƙwayoyin zuciya, robar fitsari. Ta ce mijinta na zuwa karɓa. Ta gaya wa Bahauddeen ya tafi yanzu, in ruwa ya tare shi a dawowa ya bar motar a bakin kwalta ya ɗauki mashin, ko da ninki ne. In ya ga Imrana a hanya ya ce masa kada ya kawo wata leda.

Ya ce ta shiga su tafi tare, ita ta san kayan, Inna za ta kula da shi kafin su dawo. Ta ce Inna ba za ta ji ruwan ba in ya fara hawa. Ya rage murya ya ce abin da ta yi ɗazu lalura ce, kowa zai gane, amma in ta zauna a ɗakin har yamma, har dare, maganar za ta kai rugage da yawa, kuma ba za ta koma yadda take a idon mutanen nan ba. Ta ce ta sani. Ta kwashe jakarta daga mota. Ledojin ruwan ta bar su a ciki.

Motar ta fita tana watsa taɓo. Ɗigon farko ya bugi kwanon rufi tana isa bakin ƙofa. Ta cire takalmi ta shiga. Iska na turo feshi har kan tabarma. Inna na zaune a ƙasa kusa da gadon da ƙwaryar fura a cinya, ba a sha ba. Tsohon ya ɗago ya gan ta da jaka. Numfashinsa ya fara ɗan ƙaruwa, kaɗan, yadda ita kaɗai za ta lura.

"Baiwa, aikinki ya ƙare," in ji shi. "Je ki wajen mata."

Bilkis ta buɗe 'yar tagar da ke bangon yamma, inda feshi ba ya shigowa. Ta jawo ƙofar kwano da ke bayan asabarin ta rufe, ta sa sakata.

"Ba inda za ni, Baffa. A nan zan zauna ina saurare har iskar oksijin ta iso. Ɗaga rigar."